An aiko ni wa'azi Chadi amma bakina ya mutu: in koma gida ne?

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni mai bishara ne daga kudancin Kaduna. Ikilisiyarmu ta aiko ni da matata da ɗanmu mai shekara huɗu zuwa Injamena, babban birnin Chadi, yau wata na bakwai ke nan. A gida ina wa'azi da Hausa da Turanci har ana gayyatata taro-taro, amma a nan ko tumatir ba na iya saye sai an yi mini dariya. Ran nan mai kaya ta ce mini "miya", na san ɗari ke nan, na miƙa mata sefa 100, ashe 500 take nufi. Ina zuwa ajin Faransanci, ina taɓa Larabci, a majami'a kuma rabin sujada da Ngambai ake yi, kuma babu wanda na kama a cikinsu. Yanzu daga gida sai rumfar wasu Hausawa 'yan tireda, can nake wuni. Matata tana kuka da dare, kuɗin da ake turo mana ba ya kai mu ƙarshen wata, kwamitin da ya aiko mu kuma kullum tambayarsa rayuka nawa aka samu. Na fara shakkar ko Allah ne ya kira ni. In tattara in koma gida ne?

Ɗana, na gode da ka buɗe mini cikinka, domin da yawa daga cikin waɗanda suke fagen bishara a ƙasashen waje suna fama da irin wannan damuwa, amma sai su lulluɓe ta da rahoto mai daɗin ji. Amsata a taƙaice ita ce kada ka tattara tukuna, kuma kada ka yanke hukunci a kan kiranka yanzu, domin galibi a irin wannan lokacin ne ɗokin sabon wuri yake ƙarewa alhali sabo bai riga ya zo ba. Tun a 1960 wani masani mai suna Kalervo Oberg ya bayyana yadda wannan hali yake kama waɗanda suka koma zama cikin wata al'umma: da fari komai yana burge su, sannan komai ya koma yana ba su haushi, sai daga baya hankali ya kwanta. Sai dai ba zan sallame ka da "yi haƙuri" kawai ba, saboda idan ka ci gaba da tafiyar da yininka yadda kake yi yanzu, ko shekara biyar ka yi a Injamena baƙo za ka kasance.

Abu na farko da na lura da shi shi ne ka ɗauko harsuna uku lokaci guda. Harsunan gwamnati a Chadi biyu ne, Faransanci da Larabci, kuma ƙasar tana da harsunan gida sama da 100, amma abin da yake haɗa mai babur da mai nama da mai ga-ruwa a Injamena shi ne Larabcin Chadi, ɗan'uwan wanda Larabawan Shuwa suke yi a Borno. Ngambai kuwa harshen mutanen kudu ne, na wajen Mundu, kuma kana jin sa a majami'a ne saboda mutanen kudu su ne mafi yawa a ikilisiyoyin birnin. Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, wurin wa aka aiko ni? Idan wurin maƙwabtanka da mutanen kasuwa ne, ko kuma ana shirin tura ka gabas wajen Abeshe nan gaba, to Larabcin Chadi ne harshenka, kuma shi ya kamata ya ci safiyarka, lokacin da kanka yake da sauran ƙarfi kafin rana ta take. Faransanci ka rage shi zuwa yamma biyu a mako, gwargwadon abin da zai fishe ka a asibiti da ofis da shingen 'yan sanda, domin Chadi ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma maganar takardun izinin zama ba abin da za ka yi wasa da shi ba ne. Ngambai kuwa gaisuwa da waƙoƙin sujada sun ishe ka a yanzu.

Ka kuma daina ƙirga watanni, ka fara ƙirga sa'o'i. Makarantar da take koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna tana ware kimanin sa'a 2,200 na aji domin mai jin Turanci ya iya Larabci, Faransanci kuma tsakanin 600 zuwa 750, kuma waɗannan mutane ne da ba su da wani aiki sai karatun. Ka zauna ka lissafa tsakaninka da Allah sa'o'in da kunnenka ya yi yana sauraron Larabci da niyyar koyo tun da ka zo. Ina kyautata zaton abin da za ka samu ba zai kai ga a ce harshen ya gagare ka ba, iyakarsa a ce ba ka riga ka fara ba.

Kai kuwa kana da jarin da Baturen ba shi da shi. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, duk daga Larabci suka shigo Hausa, haka ma sunayen ranakun mako. Wanda ya girma yana bambanta "kai" da "ke" ba zai sha wahalar "inta" da "inti" ba, kuma kunnen da ya saba da dogon wasali da gajere, da baƙin da ake ninkawa, ya riga ya yi rabin tafiya. Larabcin Chadi ya ma sauƙaƙa wasu haruffan maƙogwaro da suke wahalar da masu koyon Larabcin littafi. Idan aka ce maka "lale", marhabin ake yi da kai kamar a gida, idan aka tambaye ka "afe", lafiyarka ake tambaya. Ita ma mai tumatir ba cutar ka ta yi niyyar yi ba. A kasuwar Chadi da riyal ake lissafi, riyal ɗaya kuma sefa 5 ne, daidai yadda Hausawan Nijar suke lissafi da dala, saboda haka duk adadin da aka faɗa maka da Larabci ka ninka shi biyar: "ishirin" sefa 100 ne, "miya" kuma 500. Da ka koma wurinta washegari ka yi lissafin daidai a gabanta, da ka sami malama ta farko a kyauta, domin wanda ya yi maka dariya jiya shi ne ya fi kowa jin daɗin ganin ka iya yau.

Amma wannan Hausar da ta zame maka jari ita ce kuma take riƙe da ƙafarka. Hausawa sun daɗe a Injamena, tun zamanin da alhazai suke bi ta can a ƙasa zuwa Sudan su haye Makka, wasu suka yada zango har suka zama 'yan gari, ga kuma 'yan kasuwa masu shige da fice ta Gamboru Ngala da Kuseri. Saboda haka mai jin Hausa yana iya yin shekaru a birnin yana ci yana sha ba tare da ya buƙaci harshen kowa ba. Ba na cewa ka yanke hulɗa da mutanen rumfar nan, sun riƙe ka lokacin da ba ka da kowa, kuma butulci ba halin mai bishara ba ne. Amma ka mayar da zuwa can ya zama ziyara ta yamma ɗaya ko biyu a mako, ka kuma faɗa musu dalili. Za ka tarar a cikinsu akwai waɗanda a can aka haife su, Larabcin a bakinsu yake kamar Hausa, kuma su ne za su fi kowa iya nuna maka inda kake karkacewa.

Ga yadda nake so safiyarka ta kasance. Ka nemi mutum ɗaya wanda Larabcin Chadi ne harshen da ya tashi da shi, mai haƙuri, ba lallai malamin makaranta ba, ka yi yarjejeniya da shi ta sa'a biyu kullum, kwana biyar a mako, ka kuma biya shi haƙƙinsa, kada ka ce ai don Allah ne. A makonnin farko kada ka matsa wa kanka sai ka yi magana. Ku baza kayan gida a kan tabarma, buta da cokali da albasa da sabulu da takalmi, shi yana kiran suna kai kana nunawa, sannan ya riƙa ba ka umarni, tashi, zauna, ɗauko, ajiye a ƙarƙashin kujera, kai kana aikatawa. Ka ɗauki muryarsa a waya, ka saurara da rana lokacin da zafi ya hana fita. Idan la'asar ta yi, ka ɗauki ɗan abin da ka koya ka zagaya da shi wurin mutum biyar ko shida waɗanda kullum suna nan inda ka san su: mai shayi, mai faci, mai gadin layi, tela. Tambaya biyu za su buɗe maka baki da kowa, "da shunu?" idan kana son sanin sunan abu, da "be kam?" idan kana son sanin kuɗinsa. Idan ka tarar ana cin esh, wato tuwonsu na gero ko dawa, da miyar kuɓewa, aka ce maka "faddal", ka wanke hannu ka zauna, domin abin da za ka ji a bakin akushi ɗaya ya fi na darasin mako. Akwai ƙamus na Larabcin Chadi da Faransanci wanda Patrice Jullien de Pommerol ya wallafa a 1999, kuma an fassara Littafi Mai Tsarki da wannan Larabcin, da baƙaƙen boko da na Larabci. Ka nemi duka biyun, ka sa mai koya maka ya riƙa karanta maka labaran da ka riga ka haddace da Hausa, irin su ɗa mubazzari da Basamariye mai tausayi, domin labarin da ka san ƙarshensa ya fi saurin shiga kunne.

Yanzu bari in taɓo inda nake jin ciwon yake da gaske. Kai mutum ne da aka saba yi wa shiru a saurara, yau kuma ɗanka mai shekara huɗu, wanda ba ya jin kunyar kuskure, ina tsammanin ya riga ka kama harshen a wurin yaran layi. Wannan yana da zafi ga mai wa'azi, kuma sau da yawa abin da muke kira shakkar kira, idan aka tone shi, kewar girman da aka saba ba mu ne. Ba zarginka nake yi ba, kowa a matsayinka zai ji haka. Amma ka dubi Ayyukan Manzanni sura 14: a Listira mutane suka yi ta sowa da harshen Likoniya suna cewa alloli sun sauko, kuma da alama Bulus da Barnaba ba su gane abin da ake ciki ba sai da firist ya iso da bajimai zai yi musu hadaya. Idan rashin jin harshen gari ya kusa jefa manzanni cikin irin wannan rikici, kai ba ka fi ƙarfinsa ba. Ka kuma tuna da waɗanda suka kawo bishara ƙasarmu. Dokta Walter Miller sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna koyon Hausa wurin Hausawan can kafin ya shigo Arewa a 1900, ya zauna Zariya daga 1905, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Littafin da ka yi wa'azi da shi a gida har aka san ka, gumin mutanen da suka yarda a yi musu dariya shekara da shekaru ne.

Game da maƙwabta, ka san cewa baƙo daga Najeriya ba ya shiga Injamena da farar takarda. A watannin Yuni da Yuli na 2015 'yan Boko Haram sun tayar da bama-bamai a birnin, har da babbar kasuwa, kuma mutane ba su manta ba. Idan ka ga ana ɗari-ɗari da kai, ba lallai don addininka ba ne. Maganin wannan shi ne a san ka sarai: ka je ka gaida mai unguwa, ka faɗi sunanka da inda ka fito, ka faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa kai Kirista ne mai aikin ikilisiya kuma kana koyon harshensu. Kada ka ɓoye ko wane ne kai, kada kuma ka mai da abota tarko, domin mutane suna gane wanda yake gaishe su don yana son su da wanda yake gaishe su don ya cika rahoto. Ka je ta'aziyya ka zauna a tabarma ko da ba ka da abin faɗa sai gaisuwa, ka je suna, ka kiyaye ci da sha a idon jama'a lokacin azumi. Siyasar ƙasar kuwa ka kame bakinka daga gare ta. Yaƙin da aka yi a cikin birnin a 1979 ya bar tabo tsakanin mutanen arewa da na kudu, har ma za ka iya samun ɗan'uwa a majami'a wanda ba ya murna da jin kana koyon Larabci. Ka saurare shi da ladabi, kada ka yi masa wa'azi a kan abin da kai ba ka ɗanɗana ba. Ka tuna kuma cewa bishara ta shiga kudancin Chadi tun shekarun 1920, akwai ikilisiyoyin ƙasa masu dattawansu da makarantunsu, saboda haka ka sa kanka ƙarƙashin wani fasto ɗan ƙasa wanda zai riƙa ce maka "ba a yin haka a nan".

Maganar Mama, wato matarka, ta fi komai gaggawa, kuma na lura layi ɗaya kawai ka ba ta a wasiƙarka. Kai kana da aji, kana da rumfar 'yan tireda, ita kuwa wa take da shi? Macen da ta bar zumuntar mata da 'yan'uwanta da kasuwar da ta sani, ta zo ta zauna tsakanin bango huɗu a garin da zafinsa yake wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, ba abin mamaki ba ne ta yi kuka. Ka zauna ka tambaye ta abin da ya fi damun ta, ka yi shiru har ta gama, kada ka amsa mata da aya. Sannan duk kuɗin da za a kashe wajen koyon harshe a raba shi biyu, a samo mata mace mai koya mata, kai kuma ka riƙe yaron a waɗannan sa'o'in. Akwai ƙofofin da kai ba za ka taɓa shiga ba a unguwar Musulmi, ita kuwa da sallama ɗaya za ta shige har tsakar gida, kuma kada ka yi mamaki idan ta riga ka sakin baki.

Ku kula da jikinku. Zazzaɓin cizon sauro yana yawa da damina, kuma wanda yake ɗauke da shi a jiki yana iya ɗaukar kasalarsa a matsayin sanyin bangaskiya. Ku kwana cikin gidan sauro, duk zazzaɓi a je a yi gwaji, ku sha ruwa fiye da yadda kuka saba, ku ware yini ɗaya a mako wanda ba aji ba ziyara. Lokacin da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. Amma idan ɗayanku ya yi sama da mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ba abin da yake masa daɗi, ko ya fara tunanin gara mutuwa, wannan ya wuce kewar gida, ciwo ne da yake buƙatar likita, kuma a nan kam dawowa gida domin jinya ba gudun fage ba ne. Ko Markus da ya rabu da su Bulus a Bamfiliya ya koma, daga baya Bulus da kansa ya aika a zo masa da shi domin yana da amfani a hidima.

Saura kwamiti. Ba na tsammanin mugunta ce take sa su tambayar rayuka nawa, su ma akwai masu ba da baiko da suke tambayarsu, kuma mai yiwuwa babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama inda ba a jin harshensa. Ka rubuta musu wasiƙa ta gaskiya kamar wadda ka rubuto mini, ka haɗa da sa hannun faston da kake ƙarƙashinsa a can. Ka roƙi a amince a rubuce cewa shekara ɗaya daga yanzu aikinka da na Mama shi ne koyon harshe, kuma a rahoton wata za ka riƙa kawo sa'o'in da kuka yi, da gidajen da kuka shiga, da abin da kuka iya faɗa wanda ba ku iya ba a watan jiya. Ka bayyana musu maganar kuɗi da alƙaluma: sefar da ake kashewa a Chadi a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi ƙwarai, saboda haka adadin nairar da aka yanka muku a gida ba ya sayen abin da aka yi zaton zai saya. Ka rubuta kuɗin haya da ruwa da gawayi da buhun hatsi da na mai koyarwa, ka nemi a riƙa lissafa tallafinku da sefa. Ka kuma roƙi a turo dattijo ɗaya ya zo ya kwana muku biyu, ya bi ka kasuwa ya gani da idonsa.

Idan suka amince, ku yi shekarar nan da gaske, sannan kai da Mama da faston can ku zauna ku duba ko zama ya yiwu. Idan kuwa suka ce ba ruwansu da koyon harshe, lamba kawai suke so, ko suka ƙi duba maganar kuɗin alhali iyalinka suna kwana da yunwa, ka sake rubuto mini ka haɗo da amsar da suka ba ka, domin a lokacin maganar ta tashi daga kanka ta koma kan waɗanda suka aiko ka.